Nota Goma Sha Ɗaya da Taub Ɗin Usama

Ranar da ba na mantawa da ita a aikin nan wata Talata ce, saura kwana biyu a yi jarrabawar ƙarshe a makarantar kiɗan da nake aiki a Jidda. Ku sababbin malamai ba ku same ni ina buga org, abin kiɗan nan mai kama da piyano, a gidajen biki a unguwannin Karantina da Nuzla ba. Da wannan na ci abinci tun zuwana daga Sudan, sai da girma ya fara kamawa na koyi karanta nota, wato rubutun kiɗa. Yanzu aikina in ɗauko kiɗan da aka rubuta wa wasu kayan kiɗa in mayar da shi na babban org, mai allo biyu na hannu da jerin sanduna a ƙasa da ake takawa da ƙafa. Kuma ba yabon kai ba, na iya.

Ɗalibina a shekarar Usama ne, haihuwar Jidda, Hausarsa rabi Larabci. Mutum ɗaya makaranta za ta ɗauka mataimakin malami, shi ma yana nema. Na shirya masa wani kiɗan Barok, irin na Turawan shekara ɗari uku baya, wanda asalinsa na kamanja ne, gogen Turawa. Na yi taurin kai ban zubar da nota ko ɗaya ba. Muryar ƙasa na ba ƙafafu, tana tsalle daga wannan ƙarshen sanduna zuwa wancan. Wata uku yana gwaji cikin wando, har ya kai yana bugawa ido rufe.

Abin da na manta, dokar makaranta ce ranar jarrabawa maza su hau da taub, doguwar farar rigar nan. Ranar Talatar ya zo gwajin ƙarshe cikin sabon taub. Ya fara lafiya lau. Da aka zo tsallen farko, ƙafar hagu ta tafi, gindin rigar ya ce bai san zancen ba. Ya taka sandar da ba ita ba, ɗakin ya ɗauki wani irin gurnani. Sau uku ana haka.

Na ce, “Yalla, tattare rigar zuwa gwiwa, ko ka sako wata mai faɗi.”

Ya sunkuyar da kai. “Ya ustaz, ma agdar, ba zan iya ba. Abuya ne ya ɗinka.”

Mahaifinsa, Ammu Saleh, tela ne a Bab Makka, kuma tun da Usama ya kama kiɗa bai taɓa yi masa magana a kai ba, ko faɗa ko yabo. Makon da ya wuce ya kira shi shago, ya auna shi da hannunsa, ya ce zai zo ya gani. A gaban wannan dattijo zan ce yaro ya tattare riga kamar mai wankin mota? Ko ya ce masa ɗinkin bai yi ba? Haba.

Na ce ya zauna ya buɗe ƙafafu iyakar yadda rigar ta bari. Na durƙusa na ƙirga, manyan sanduna takwas. Na koma ofis da fensir. Duk inda tsalle ya wuce takwas, ko dai in ɗaga notar zuwa ’yar’uwarta ta sama mai suna ɗaya, ko in miƙa ta ga hannun hagu. Wuri goma sha ɗaya na taɓa, kafin la’asar na gama.

Ƙa’ida ita ce ba a canza takardar jarrabawa sai mudira, shugabar makarantar, ta sa hannu. Mudirarmu Baturiya ce, Dakta muke ce mata, kuma ba ta wasa da abin da marubuci ya rubuta. Da ta ga zanen fensir a takarda ta ce, “Ka gyara wa mai kiɗan kiɗansa saboda riga?”

Na ce, “Dakta, shi kamanja ya rubuta wa, ba ƙafar mutum ba. Tun ranar da muka ɗora shi a org muka fara canzawa. Ki juya baya ki saurara. Duk wurin da kunnenki ya kama, zan mayar.”

Ta juya. Usama ya buga daga farko har ƙarshe. Da ya gama ta ɗaga yatsa ɗaya. Notar ƙarshe ce, mai zurfin nan da kiɗan yake sauka a kanta. Ta ce wannan ba ta ɗaguwa, kuma wallahi gaskiyarta, ni ma na ji ramin da ta bari. Sai na mayar da ita, na sa hannun hagu ya riƙe notar da ke gabanta, ƙafafun biyu su zame ƙasa tare, ba sai an buɗe su ba. Usama ya gwada ta zauna daram. Dakta ta sa hannu ta ce halas, shi ke nan.

Ranar Alhamis Ammu Saleh ya zauna a layin gaba. Na lura ko sau ɗaya bai kalli hannun ɗansa ba, ƙafafun ya zuba wa ido. Usama ya buga babu tuntuɓe, kuma shi aka ɗauka.

Da aka tashi dattijon ya zo, ya kama gindin taub ɗin ya ja kaɗan, ya ce wa ɗansa, “Bai matse ka ba?”

“La, abuya, daidai yake.”

Ya juyo gare ni. “Ƙarya yake, ustaz. Shekara arba’in ina ɗinki, na ga inda yadin yake ɗaurewa. Ban san aikin nasa har da ƙafa ba, ban taɓa tambaya ba. Wani ya sassauta masa a wani wuri.”

Na ce kaɗan ne, Ammu. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Tun daga ranar ba na ɗora fensir a takarda sai na ga mai bugawa a zaune, cikin kayan da zai hau da su. Ku ma ku yi haka, don takarda ba ta gaya muku tsawon yatsa ko faɗin riga. Bayan mako ɗaya Usama ya shigo da sabon taub mai tsaga a ɓoye ta gefe biyu, ya ajiye tsohuwar takardar a gabana. Ya ce ya gaya wa abuya komai, abuya ya ce a mayar wa marubucin kiɗan sauran notocinsa goma.