Kiɗan Kaboyi a Bayan Tan'im

Malumfashi zuwa Kano

Tun kafin ladanin unguwarmu ya yi kiran farko na fito da jakata tsakar gida. Inna ta riga ni tashi, tana zaune a kan tabarma da carbinta. Na durƙusa na ce zan kama hanya. Ba ta ce in kawo mata zamzam ba, ba ta ce dabino ba. Cewa ta yi, "Isiyaku, ka taho min da Garba. Idona ya fara tafiya, ina so in gan shi kafin ya ƙarasa."

Garba yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya tafi aikin Hajji tun ina sabon malamin firamare, bai dawo ba, ga shi yau har na yi ritaya. Yana Makka yana kabu-kabu da mota, ba shi da takardar zama. Muna waya, amma da an ɗauko zancen dawowa sai layi ya lalace. Duk da haka na bugi ƙirji na ce wa Inna ta ɗauka an gama. Abin da ya sa na cika baki, ina da dabara, kuma a lokacin gani nake duk ƙasar Katsina ba a haifi mai hikima irina ba.

Ga dabarar. Ni da Yaya Garba mun tashi da son kiɗan kantiri, wanda mutanen garinmu ke ce wa waƙar kaboyi. Akwai wani mawaƙin Amurka da muka sa wa suna Mai Malfa, don ba mu taɓa ganin hotonsa kai ba hula ba. Murya gare shi mai sanyi, jita ɗaya, kuma waƙarsa ba ta wuce gida, gona, da tsohuwa a bakin ƙofa tana jiran ɗanta. Yaya Garba mutum ne mai taurin zuciya, amma na sha kama shi yana share ido idan kaset ɗin nan yana juyawa. Muna kuma da ƙa'ida tun muna samari: sabon kaset ɗin Mai Malfa ba mai jin sa shi kaɗai, sai mun zauna tare. Da na sami labarin ya fitar da sabon kundi bayan dogon shiru, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Zan kai masa in kunna, tsohuwa da bakin ƙofa su yi min aikin.

Mu bakwai muka cusu a motar da aka ƙera domin mutum biyar. Mun bi ta Dayi, a shingen Gwarzo aka sa direba ya buɗe but. Jami'in ya shinshina jakata ya ce, "Baba, Umra za ka ko kasuwa?" Kuka ce da daddawa da kilishi, tsarabar Inna zuwa ga ɗanta. Da hantsi muka shiga Kano, na wuce wurin masu tura waƙa a waya, aka zuba min kundin a ɗan filashi.

Mai shagon ya ce, "Alhaji, in ɗan sa maka ka ji? Wannan fa ya sha bamban, ya gauraya shi da rok."

Na ce, "Malam, tun kana goye nake jin mutumin nan. Naɗe min kawai."

Kalmar rok ta shiga kunnen dama ta fita ta hagu. Na ɗauka surutun 'yan kasuwa ne.

Jidda

A filin jirgin Kano na ɗaura harami, a nan kuma na tuna harami ba shi da aljihu. Na cusa filashin a cikin bel ɗin ƙuguna tare da fasfo. Da muka sauka Jidda, ma'aikacin kwastan ya zuge jakata, daddawar Inna ta gaishe shi. Ya ja da baya ya ce, "Esh hada, ya Hajj?" Larabcina na makarantar allo ya gudu ya bar ni, sai na kai hannu baki ina kwatanta cin tuwo. Ya toshe hanci ya yi min alamar in yi gaba.

Babbar bas ta ɗauke mu zuwa Makka. A hanya akwai shingen da ake duba takardu, kuma a nan ne jikina ya ɗan yi sanyi, don na tuna Yaya Garba ya yi shekaru ba ya iya ƙetare wannan wuri. Motar ta ɗauka da Labbaika, ni ma ina yi, amma Allah Ya sani hannuna bai daina lalubar bel ba, ina tabbatar da Mai Malfa yana nan.

Jarwal

Masaukinmu a Jarwal yake, mu huɗu a ɗaki, uku masu minshari, na huɗun an ce ni ne na fi kowa. Da na shiga Harami na yi ido biyu da Ka'aba kuwa, na manta da dabara, na manta da filashi, na yi kuka kamar yaron da aka yaye. Na gama Umrata lafiya, aka aske min ɗan abin da ya rage a kaina.

Washegari bayan azahar aka ce ina da baƙo a ƙasa. Na sauko na tarar da wani dattijo mai farin gemu a jingine da tsohuwar mota, sak babanmu marigayi. Sai da ya yi magana na yarda shi ne.

"Isiya! Ya salam, haka ka tsufa?"

"Yaya, ai kai ka riga ni."

Muka rungume juna a bakin titi, motoci na ta yi mana oda. Ya ce, "Yalla, shiga, Hajara ta ɗora tukunya tun safe."

Hindawiyya

Gidan Yaya a Hindawiyya yake, ta wani lungu da mota ke gogar bango, sama a hawa na uku. Sai da na huta sau biyu a matakala. Matarsa Hajara, mutuniyar Maraɗi, ta karɓi kukar Inna da hannu biyu kamar an ba ta zinariya, kafin magariba ga tuwo da miya. 'Ya'yansu huɗu suka zo suka gaishe ni. Sai su fara da Hausa, a tsakiyar magana su zame cikin Larabci, ni kuwa ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Da zai mayar da ni masauki, muna shiga mota na zaro filashin na ce, "Yaya, Mai Malfa ya yi sabo. Ban ji ba, na riƙe alkawari."

Fuskarsa ta washe, har ya miƙo hannu, sai ya janye. "La, la. A cikin iyakar Harami ban taɓa kunna kiɗa ba, Isiya. Sai in na kai fasinja Tan'im na haye waje, nan nake ɗan jiƙa kunne."

Ta leƙo ta koma. Tan'im shi ne masallacin da ke bakin iyaka, inda wanda yake cikin Makka ke fita ya ɗauro harami idan zai sake Umra. Nan take na gyara murya na ce, "Af, dama ina da niyyar yi wa Baba Umra." Allah na tuba. Niyyar tana nan, amma ba ita kaɗai ce a zuciyata ba. Yaya ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Tayyib."

Tan'im

Da safe ya ɗauke ni. Muka wuce masallacin kaɗan, ya faka a inuwar wani shagon faci. Na tanadi hankici a aljihu domin hawayen Yaya. Na tanadi jawabin da zan yi idan waƙa ta biyu ta ƙare. Saboda na san muryar Mai Malfa sanyi gare ta, na murɗa rediyon motar har ƙarshe, sannan na soka filashin.

Abin da ya fito ban san sunansa ba. Ganguna suka fashe kamar ana sauke kwanon rufi daga tirela, jita ta ƙwalla ƙara irin ta kyanwar da aka taka wa wutsiya. Mai faci ya yar da ƙarfensa. Wasu alhazai cikin harami da ke wucewa suka juyo gaba ɗaya suna kallon tsofaffi biyu masu furfura a cikin mota tana girgiza. Na kai hannu in rage, a ruɗe na danna wani abu, aka tsallaka waƙa ta biyu, wadda ta fi ta farko hauka. Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Na tuna mai shagon Kano, na nemi gafararsa a zuci.

Yaya Garba ya kifa kai a sitiyari yana dariya har da tari. Hawayen da na zo nema tun daga Malumfashi na same su, har hankicin ya yi amfani. Da ya lafa sai ya rage sautin da kansa ya ce, "Bari, kar ka cire. Saurara ƙasa-ƙasa."

Na saurara. Muryar tana nan, ta ɗan dushe, tsohuwar jitar ma tana nan a ƙarƙashin hayaniyar. Amma babu gona, babu tsohuwa. Wani mutum ne a babbar mota yana ta tafiya, garinsu ya yi nisa. Yaya yana buga yatsa a sitiyari, ni ina jin haushi kamar an ci amanata.

"Ya lalace, Yaya," na ce.

"Bai lalace ba. Ya daɗe a waje ne. Ba ka ji bakin 'ya'yana ba?"

Ya kashe rediyon. Ya ce, "Inna ce ta aiko ka. Tun da ka ce za ka sake Umra na gane, kai da matakalar hawa uku ta kusa kashewa. Da ka faɗa min kawai."

Jawabina duk ya bi iska. Na ce, "Idonta yana tafiya, Yaya. So take ta gan ka."

Ya mai da ido kan titi ya ce, "Hanyar gida ɗaya ce gare ni. In kai kaina tarhil, inda ake tara marasa takarda, su ɗauki zanen yatsuna su sa ni a jirgi. Khalas, ba dawowa. Hajara ma ba ta da igama, takardar zama. Yaran nan ba su da takardar nan, ba su da ta can. Wa zan bar wa su? Kana tsammani akwai ranar da ba na tuna Inna? Ka ce wa Inna..." Bai ƙarasa ba, ni kuma ban tambaye shi sauran ba.

Na shiga masallaci na ɗaura harami. Umrar da na yi wa Baba ran nan, da zuciya ɗaya na yi ta.

Komawa gida

Yaya bai iya raka ni Jidda ba saboda shingen nan. A Jarwal muka yi sallama, a bakin bas. Ya ba ni sallaya mai laushi da turare in kai wa Inna, filashin kuwa ya ce in bar masa. Tun daga jirgi har motar Gwarzo ina tsara yadda zan yi bayani, ban sami ko jimla ɗaya mai kyau ba.

Da la'asar na yi sallama a gida. Inna tana kan tabarmarta. Ta amsa, amma ba ni take kallo ba, bayana take kallo, wajen zaure. Ta daɗe a haka. Ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗu min irin na lokacin ba.

"Ya yi furfura?" ta ce.

"Ya yi, Inna. Kamar Baba."

Na faɗa mata komai, har tarhil, har yaran. Ta shafa sallayar da tafin hannunta ta ce, "To, ka nemo min fasfo. Ni na haife shi, ni zan je."

Na fara kawo zancen gwiwarta, da jirgi, da matakalar Hindawiyya. Ta ce, "Isiyaku, shawara na tambaye ka?"

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni ɗakinSa Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Hajara da tuwonta, da abokan ɗakina da suka jure ni. Jibi da sassafe zan kai Inna Katsina a ɗauki hotonta.