Kwana Shida a Ƙubrus da Ban Taɓa Takawa Ba

Shekara huɗu na yi ina tuƙa wani dattijo a Doha, a unguwar Mu'aither. Shi ne kafil ɗina, wato a ƙarƙashinsa takardun zamana suke, amma ban taɓa kiransa da komai ba sai Baba, kamar yadda kowa a gidan ke yi. Ya haura saba'in, ya bar aikin mai tun kafin in zo ƙasar. In ka cire masallaci, abu ɗaya ne ke fitar da shi daga gida: golf, wasan nan da 'yan rediyo ke ce wa ƙwallon lambu. Sau biyu a mako nakan kai shi fili da sassafe, in sauke masa jakar sanduna, in koma mota in kishingiɗa. Ban san abin da suke yi a ciki ba. Daga nesa dai nakan hango manyan mutane suna bin wata 'yar ƙwallo da ba ta fi ƙwan zabuwa ba, su buga, su bi ta, su sake bugawa.

Da korona ta zo aka rufe filin. Baba ya koma buga ƙwallonsa a kan dardumar falon baƙi, yana auna wani kofin gahawa da ya kwantar a ƙasa. Ya rage magana. Sau da yawa nakan shigo in tarar da shi da waya a kunne, ba ya cewa komai, can sai ya ajiye ta.

Bayan an saki gari, an fara ajiye takunkumi, ko'ina kuma ba ka jin zancen komai sai gasar cin kofin duniya da ke tafe, Baba ya kira ni wata rana bayan la'asar. Da Larabci muke magana, nawa na tsince shi ne a bakin aiki, to sai ya riƙa yi a hankali don in gane.

"Za mu tafi Ƙubrus," in ji shi. "Idan an fara ƙwallo garin nan ba zai zaunu ba. Kwana shida. Za mu ɗauki mota mu zaga tsibirin, kullum fili daban. Kai za ka tsara, kai za ka tuƙa."

Na ce, "Baba, ni ban san wasan nan ba."

"Ba wasa na ce ka yi ba. Kana karanta Turanci ko ba ka karantawa?"

"Ina taɓawa."

"Khalas, shi ke nan. Kuma kada ka faɗa wa yara tukuna."

Na fita ban ma san a wace nahiya Ƙubrus take ba.

Akwai wani ɗan uwanmu Bazazzagi da ke karatun digiri na uku a kan tace ruwa, yana zaune a Matar Ƙadim, unguwar tsohon filin jirgi, inda mukan haɗu mu ci abinci bayan sallar Juma'a. Malam nake ce masa duk da na girme shi, shi kuma ya ce mini Yaya. Wurinsa na kai kukana. Ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini wani tsibiri a Bahar Rum, ya ce Turawa Saifras suke ce masa. Muka shiga neman filayen golf. Bayan wani lokaci ya cire tabarau ya dube ni.

"Yaya, ka tabbata kwana shida ya ce, kullum gari daban?"

"Haka kunnena ya ji."

"To ai filayen kusan duk a gefe ɗaya suke, nan yamma, kamar 'yan gida ɗaya. Tsibirin ma gaba ɗayansa in ka tashi da hantsi kafin la'asar ka fita ta wancan bakin. Ku kama otal ɗaya kawai, kullum ku je ku dawo."

Na ga hankali a maganar. Muka rubuta haka, na kai wa Baba ina jin na yi abin kai. Ya karanta da tabarau a kan hanci, ya miƙo mini takardar.

"Na ce zagaye, ka kawo mini zaman gida."

Haka muka koma muka riƙa ƙirƙiro wa tafiya tsawo. Mu kwana gabas don mu yi wasa a yamma. Malam ya ce tunda yake bai taɓa ganin an nemi hanya mafi nisa da gangan ba.

Sai kuma wasiƙun filayen suka fara dawowa, domin ashe ba a zuwa haka nan, sai an kama maka lokacin da za ka fara bugu, har da mintinsa. Wani fili ya ce mai wasan ya zo da takardar handikaf. Malam ya ce kalmar nan nakasa take nufi. Baba dai yana ɗan ɗingishi idan ya daɗe a zaune, amma ba za a kira shi nakasasshe ba. Na kwana biyu ina juya yadda zan tunkari dattijo da wannan magana. Ranar da na yi ƙundunbala na ce, "Baba, sun ce sai mun je asibiti an rubuta maka takardar ƙafarka," ya dube ni kamar na zautu. Na nuna masa kalmar. Ya yi dariya har da tari, irin dariyar da rabon da in ji ta tun kafin kulle. Ya ce lamba ce da ke nuna iyawar mutum a wasa, kuma wanda tasa ta fi ƙanƙanta shi ne gwani. Na ce to, amma har yau ban gane dalilin da zai sa gwani ya zo da ƙaramar lamba ba.

Muka gano wani fili guda a arewa, muka yi murna, don shi kam da nisa. Muka sa shi a rana ta huɗu. Daga baya Malam ya karanta cewa tsibirin a rabe yake gida biyu, akwai shinge da masu duba fasfo a tsakani, kuma ba kowace motar haya ake yarda ta tsallaka ba. Na ce, "Tsibirin da ka ce bai kai tafiyar yini ba, shi ne har da iyaka a ciki?" Ya ce shi ma yanzu yake ji. Muka goge rana ta huɗu.

Duk wannan bai ɗaure mini kai ba kamar zancen ƙauyen. Malam ya buga mana taswira babba, nakan shimfiɗa wa Baba ita a kan darduma. A tsakiyar tsibirin akwai duwatsu, hanyarsu a murɗe kamar hanjin kaza. Ran nan ya ɗora yatsa a kan wani ɗigo can a saman duwatsun.

"Mu bi ta nan."

"Akwai fili a can, Baba?"

"Babu."

"To me za mu yi?"

"Mu sha gahawa."

Na sa ƙauyen a rana ta farko kamar yadda ya ce. Bayan kwana uku ya ce a mayar da shi rana ta ƙarshe. Mako na zagayowa ya ce tsakiya ya fi. Wata rana muna dawowa daga masallaci ya ce, ba tare da ya dube ni ba, in cire shi gaba ɗaya, hanyar ba ta da kyau. Na cire. Da safe ya tambaye ni ina ƙauyen ya shiga, kamar ni na yi gaban kaina. Kuma duk lokacin da ƙauyen ya motsa, sai kowane fili da kowane otal ya motsa. Malam ya rubuta wasiƙun ban haƙuri har ya ce kunyar buɗe akwatin saƙonsa yake ji. Ya ce, "Yaya, anya tsohon nan tafiyar yake so, ko dai shirin yake so?"

Ana cikin haka Malam ya gano cewa a Ƙubrus ta hannun hagu ake tuƙi, sitiyari kuma a dama. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, direban babbar mota ne, ya sha ba mu labarin lokacin da aka yi canjin hannu a Najeriya, yadda suka yi watanni hannu na neman giya inda babu ita. Ni kuma ga duwatsu, ga dattijo a baya. Ranar Juma'a da safe, lokacin da gari ba kowa, nakan fita bayan gari inda ake da hanyar rairayi, in riƙa tafiya ta hagu ina tsawata wa kaina. Amma sitiyarin yana nan inda na san shi, don haka ban san ko koyo nake ko ɓata wanda na iya nake ba. Wata rana na shigo shataletalen kusa da gida na tsaya cak, na rasa ta ina ake zagayawa, sai da na baya ya danna mini ham.

Ashe duk wahalar banza na sha. Da muka zauna cike takardar neman biza, Malam ya buɗe fasfona ya ce saura 'yan watanni ya mutu, kuma ba a ba da biza a kan irinsa. Sabuntawa ba za ta yiwu kafin tafiya ba. Laifina ne, wata biyar ina kallon taswirar ƙasar wasu ban duba littafin da ke cikin akwatina ba. Da na faɗa wa Baba bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce in kira masa 'yarsa.

Ita ce babbar 'yarsa, tana aiki a ɗaya daga cikin dogayen benayen unguwar Dafna, mace mai kaifin magana. Ta saurari zancen, ta karɓi takardun daga hannuna tana dubawa. A waje ta tsayar da ni.

"Wannan ƙauyen fa? Wa ya sa shi?"

"Baba ne, ranki ya daɗe."

"Wa ya sani a can?"

"Ya ce gahawa za a sha."

Ta dube ni, ta dubi takardar. Ita ma ba ta sani ba. Amma ta ce ta yi karatu a ƙasar da ake tuƙin hagu, ita za ta kai shi.

Na kai su filin jirgi kwana biyu da fara gasar. Gari ya cika maƙil, mutane da tutoci a kafaɗa, wasu sun shafa fenti a fuska, ana ta kaɗe-kaɗe a bakin titi. Kowa shigowa yake, mu kaɗai ke fitar da mutum. Na sauke jakar sanduna aka naɗe ta da leda. Na damƙa wa 'yar tasa tsarin, shafi tara, kowace rana da lokacin tashi da na bugu da inda za a tsaya salla. A tsarin ƙarshe ƙauyen yana rana ta biyar.

Kwana shidan nan na yi su ina jigilar jikokin gidan zuwa kallon ƙwallo. Amma hankalina yana can. Ƙarfe takwas ta yi in ce yanzu suna fili, Baba yana auna ƙwallo a rami na farko. Azahar ta yi in ce sun kama hanyar bakin teku.

Da na je ɗauko su, jakar ta fito da ledarta yadda na ba da ita, har da ƙullin da na yi wa hannunta da igiya. Baba ya shiga mota fuskarsa a sake, ya ɗan yi duhu saboda rana. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Tsarinka ya yi kyau." Ya yi barci kafin mu iso gida.

Sai bayan kwana biyu, ina kai 'yar tasa ofis, ta ba ni labari. Ta ce suna karɓar mota ya ce ta kama hanyar duwatsu, su nufi ƙauyen nan. A ƙauyen akwai wani tsoho, injiniya ne da suka yi aikin mai tare tun suna samari, shi ya koya wa Baba golf a kan rairayi, lokacin ko ciyawa babu. Shekara da shekaru suna waya, da korona ta zo lambarsa ta daina shiga. Suka same shi a ƙofar gida yana gyaran itacen inabi, lafiyarsa ƙalau. Wayar ce ta faɗa ruwa, ya sayi wata da sabon layi, lambobin duk suka tafi. Nan suka zauna kwana shida cur, tsofaffin biyu suna musu da Larabci a kan wanda ya fi wani iya bugu a da.

Na ce, "To me ya hana ya faɗa tun farko, ranki ya daɗe? Ai da wasiƙa ɗaya Malam zai nemo shi."

Ta ce a ganinta tsoro yake kada a nemo a ce masa ya mutu. Sannan ta ce ko kuma dai da gaske ya yi niyyar wasan. Ita ma ba ta tambaye shi ba.

Mako guda bayan haka Malam ya kira ni. Ya ce ɗaya daga cikin filayen ya aiko da saƙo, irin wanda na'ura ke turawa kowa, suna tambayar yadda baƙonsu ya ji daɗin wasa. Na kai wa Baba maganar yana shan gahawa. Ya ce, "Ku ce musu ciyawarsu ta yi kyau."

Malam ya ce shi ba zai rubuta shaidar ciyawar da ba wanda ya taka ba. Muka yi ta ja-in-ja a waya, ni ina cewa saƙon maigida ne, shi yana cewa hannunsa ne zai rubuta. A ƙarshe ya rubuta musu cewa mun gode, Allah ya bar zumunci, ya fassara da Turanci yadda ya iya, ya tura.