Fitilar da Ake Buɗewa da Cokali

Auta dai tun tana rarrafe ba a ajiye rediyo kusa da ita. Kafin ka juya ta fito da hanjinsa. Allah da ikonsa, abin da aka yi ta yi mata faɗa a kai shi ya zama abincinta. Ta yi karatun ƙere-ƙere, ta dawo suka kama shago ita da yayanta, wai za su fitar da fitila mai cajin rana.

Shi Yaya so yake a manne bayan fitilar da gam, ya fi kyau, ya fi sauri. Ita kuwa hankalinta na kan kwandon da ke ƙarƙashin gadon Babansu, cike da matattun fitilu. Lafiyarsu ƙalau, batir ne kawai ya gaji, kuma ba ta inda za a buɗe sai da guduma. To mazubin ƙarfen da za a riƙa zuba robar jikin fitilar a ciki sau ɗaya ake ƙera shi. Abin da aka zaɓa ya zauna ke nan.

Yaya ya ce, "Auta, maƙerin nan ya kira har ya gaji. In ba mu kai zane ba, wallahi na koma sayar da wayoyina."

"Yaya, ka ba ni yau kaɗai."

"Jiya ma yau ce."

Ta ɗauki fitilar gwaji, wadda ta sa wa ƙananan noti, ta iske Baba kan sallaya bayan la'asar.

"Baba, buɗe min ita."

Ya juya ta, ya sake juyawa. Gidan babu abin kwance noti, wanda ake da shi ita ta ɓatar tun tana yarinya. Ya zaro cokali daga kofin shayinsa, ya gwada da gindin, ya ƙi shiga.

"Uwata, wannan sai ke."

Auta ta tsaya tana kallon cokalin. Ta koma shago ta goge ƙananan notin daga zanen, ta zana guda ɗaya ƙato, mai tsagar da gindin cokali zai shiga.

Yaya ya leƙa. "Mene ne wannan kamar cibiya?"

"A baya yake, wa zai gani?"

Ya yi tsaki, ya naɗe takardar, ya sa takalmi ya nufi wurin maƙeri. Har yau bai koma kan wayoyin ba.

Bara batirin ta Baba ya mutu. Da cokalin nan ya buɗe ya sa sabo, alhamdu lillahi. Kwandon kuwa yanzu albasa ake zubawa a ciki.