Simintin da Aka Zuba a Gicciye

Har gobe ba zan manta da safiyar da na raka Malam Isufu, wani dattijo daga Madawa, makabartar soji ba. Shekarun farko ne bayan mulkin kai, ina aiki a wani biro, wato ofishin soji, a unguwar Filato. Da yake na iya ajami, ni nake karanta wasiƙun iyalan sojojin da suka mutu a faɗan da 'yan ƙasa suka yi da junansu, ni kuma nake kai su ziyara.

Ƙa'idar aikin, in baƙo ya zo sai in kira Sarjan Hamani, mai tsaron wurin, ya buɗe ƙofa ya nuna kabari. Kaburburan an lulluɓe su da siminti, layi-layi, da 'yar hanya a tsakani. Kan hanyoyin nan manya ke tsayawa ranar ajiye furanni.

Malam Isufu ya tsaya kusa da kabarin ɗansa, ya ɗaga hannu zai yi addu'a. Sai ya dubi rana, ya dubi simintin. Hannun ya sauka.

"Ɗana, ina gabas?"

Na nuna masa.

"Inna lillahi! Kai gabas, ƙafa yamma? Haka kuka kwantar mini da Abdu, ba alƙibla?"

Kullum ina shiga wurin nan, ban taɓa lura ba.

Sarjan ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Da hannuna na sa shi a rami, kai kudu, fuska gabas, liman na tsaye. Daga baya aka turo magina da zanen Nasara, aka ce layi ya bi titi. Tudun kaburburan ya riga ya baje, suka zuba siminti a gicciye."

Dattijon ya yi hamdala, har da ƙwalla. Can sai ya dubi ƙafafunsa.

"To in haka ne, ni yanzu a kan wa nake tsaye?"

Sarjan ya dubi 'yar hanyar da muke tsaye a kanta. Malam Isufu ya tuɓe takalmi, ya lallaɓa ya fita kamar mai tsoron tada mai barci. Daga bayan katanga ya yi addu'arsa, muna amin.

Na kai maganar gaban ajidan, shugaban bironmu. Ya ce mini, "Siminti ya bushe, Malam."

Ku da kuka gaje mu, ku riƙe wannan: a aikinmu, abin da ya yi kyau ga ido ba lallai ya dace da abin da ke ƙasa ba. Ni dai tun ranar, duk wanda na raka, a bakin katanga nake tsai da shi.