Karkatacciyar Sandar Clifford Ackroyd

A kulob ɗin ma'aikata na ƙauyenmu, nan kusa da Barnsley, ba a fara wasan sunuka, wanda ake tunkuɗa ƙwallaye da sanda zuwa ramukan tebur, ranar Alhamis sai Clifford Ackroyd ya rataye kwat ɗinsa. Direban bas ne, dogo, marar hayaniya. Tun gashinsa na baƙi sunansa ke kan allon 'yan wasan kulob, a gurbin da mahaifinsa Horace ya bari. Sandar wasan ma ta Horace ce, kuma kowa ya san a karkace take.

Karkacewar tana da asali. Rufin ramin kwal ya taɓa rufto wa Horace a ƙugu, ya bar shi da ɗingishi, amma girman kai ya hana shi riƙe sandar tafiya. In an tashi daga kulob sai ya dogara da sandar sunukarsa, ya hau tudun nan har gida, yana cewa wai riƙe ta kawai yake yi. Shekara da shekaru icen ya gaji, ya lanƙwasa hagu. Da ita Clifford ya koyi wasa, da ita ya tsufa, bai taɓa taɓa wata ba.

Wata rana da hunturu santsin ƙanƙara ya kwashe shi a ƙofar kulob, ya faɗi a kan sandar. Ƙas! Ta rabu biyu. Mutumin da ko a jana'izar ubansa ba a ga hawayensa ba, ran nan ya zauna a ƙasa ya yi kuka.

Dole ta kai shi wurin Wilf Sugden mai sassaƙa sanduna, wani gajeren tsoho mai tsiwa, wanda rumfarsa ke bayan gida tana ƙamshin mai da garin katako. Ga itatuwan ash, irin icen da ake sassaƙa sandunan da shi, nan rataye a rufi, wasu sun fi jikokinsa daɗewa a duniya, suna bushewa a hankali.

"Kada ka taɓa da hannun bas ɗin nan naka tukuna," in ji Wilf. "Duba da ido. Ka ga zanen jikin icen, kamar kan kibiya? In sun jeru suna kallon gaba, icen ya girma a nitse. In sun watse, ajiye shi."

Ya ɗauki ɗaya ya buga gindinta a ƙasa, ya kara kunne. "Ji wannan, tana amsawa. Waccan kuwa muryarta ta mutu, sai dai a yi ƙotar tsintsiya." Suka yini a haka, a ɗaga a auna nauyi a tafin hannu, a mirgina a kan tebur. Wadda Clifford ya zaɓa ta mirgina sumul, ba ko motsi. Wilf ya goge ta da mai, ya manna mata ɗan farin tambarin sunansa a gindi, ya miƙa ta kamar mai aurar da 'ya.

To, fa! Sanda ta yi kyau, wasa ya lalace. Ƙwallon da Clifford ke jefawa rami ido rufe, yanzu sai ta doki baki ta dawo. Kullum kuskuren gefe ɗaya ne, dama. Ashe idonsa da hannunsa sun saba ɗan karkata dama don cike karkacewar tsohuwar ba da saninsa ba, ga shi yanzu babu abin cikewa. Desmond, kyaftin ɗin kulob, ya ja shi gefe yana sosa ƙeya.

"Cliff, ka san ina ganin girmanka. Amma mutane na jiran gurbin nan. In Alhamis mai zuwa ta zama irin ta yau, zan goge sunan."

Tun kafin a haifi Desmond akwai Ackroyd a allon nan. Abin ya ci wa Clifford rai ƙwarai. Washegari ya koma rumfar Wilf, bai ko ɗaga kai ya kalli na rataye ba. Ya wuce kai tsaye kusurwar murhu, inda Wilf ke tara itatuwan da suka kangare wajen bushewa, yana hura wutar shayi da su.

"Kai, lafiyarka? Itacen wuta ne wannan!"

"Na sani."

Ya durƙusa da tsofaffin gwiwoyinsa yana zarowa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ɗora a ƙarƙashin haɓa, ya rufe ido ɗaya ya duba karkacewarta, ya jefar. Wannan ta yi dama, waccan ta lanƙwasa da yawa. Can ƙasan tarin ya zaro wata, zanenta jere tsaf, ta ɗan sunkuya hagu daga tsakiya. Ya daɗe yana kallonta.

"Wannan za ka yi mini."

"Haba, tsoho! Ka rasa wanda za ka kunyata sai ni? Zan yi, amma sunana ba zai hau gurguwar sanda ba."

"Riƙe sunanka, ba shi na zo nema ba."

Ranar Alhamis Clifford ya juya sandar a hannu har kibiyoyin suka kalli sama, karkacewar ta koma hagu, ya goga alli a bakinta, ya sunkuya. Jar ƙwallo ta faɗa rami. Baƙa ta bi ta. Bai yi wasan a zo a gani ba, ya dai ci nasa da ƙyar, kuma hakan ya isa. Desmond ya mayar da tsumman goge allo aljihu.

Da aka zauna shan giya, Desmond ya ɗauki sandar don tsokana, ya mirgina ta a kan koren teburin. Ta tafi tana tashi tana faɗuwa, tana jan gefe ɗaya. Ɗakin ya kwashe da dariya.

"Tabɗi! Cliff, wace irin tafiya ce wannan?"

Clifford bai yi dariya ba. Ya tsaya yana binta da ido har ta kai ƙarshen tebur, sannan ya sa hannu biyu ya tare ta, kada ta faɗi.

"Haka tsohona yake hawa tudu," ya ce.