Shekarar da Na Shuka Dawar Gwamnati

A lokacin ni magidanci ne mai ji da kansa a wani ƙauye na ƙasar Safo, ina ganin babu mai wayon kasuwa kamar ni. Wata bazara hatsi ya yi tsada, ƴan kasuwa suna bi gida-gida suna neman ko tiya ɗaya. Ana cikin haka gwamnati ta sauke dawa mai rahusa a Madarumfa don talaka ya samu na tuwo. Nan dabara ta faɗo mini: in sayar da irin jar dawar da na gada wurin mahaifina, in sayo ta gwamnati da araha in shuka. Haka kuwa na yi. Matata ta ce ƙwayar ba ta yi mata kama da tamu ba, na ce dawa dai dawa ce, ta ji da tukunyarta.

Damina ta sauka, gonata ta yi kore shar, har ina tsayar da masu amalanke su kalla. Ashe daga kudu aka kawo dawar, inda ruwa ke daɗewa. Ta maƙwabta ta fid da kai, tawa sai tsawo, har ruwa ya ɗauke. Ranar da aka fara yanka na zauna bakin gona na yi kuka. Babu abin ba yara, ga irin gidanmu na kashe da hannuna.

Ban tafi ci-rani ba. Na roƙi ɗan fili a bakin tabki na dasa tumatir da kabeji, na yi ban-ruwa har tafin hannuna ya tsage, da wannan lambun muka ci abinci. Sannan na bi sawun irinmu har Gabi, wurin gwaggona wadda kakana ya ba ta shi tun aurenta. Ta yi mini tsiya son ranta, ta tambaye ni ko kara ake tuƙawa a gidana, sannan ta ciro mini ƴan zangarnu daga rumbu. Da su na sake tashi, sannu a hankali. Bana rumbuna ya cika maƙil, waɗanda suka yi mini dariya waccan shekarar wurina suke karɓar iri, kuma wallahi daɗi nake ji in na ba su.

Alhamdu lillahi, na sha wuya na koya. Manoma ƴan'uwana, farashi hawa yake yana sauka. Dawa mai rahusa taimako ce, ku ci ku gode. Amma iri, ko nawa aka taya, kada ku fid da shi daga rumbu. Wanda ya saya niƙe shi zai yi.