Yatsun Riskuwa Mai Kukuma

Duk wanda ya ci kasuwar Bagudo a shekarun samun 'yancin kai ya san Riskuwa mai kukuma. Mutumin Geza ne, siriri, ga baki kamar reza. Ba noma, ba kamun kifi. Da yatsun hagunsa yake ci da iyalinsa.

Makaɗa suna da ƙa'ida. In an yi maka zambo ka kai kuka wurin dattawa aka sasanta, to waƙar ta mutu ke nan. Haka aka yi da Usuman mahauci, wanda rago ya tunkuɗe cikin kwata ranar kasuwa, Riskuwa ya laƙa masa waƙar "Rago-ya-fi-ka". Gaban liman Riskuwa ya rantse ba zai ƙara rera ta ba.

Amma kash! Tun kafin sulhun wani ɗan kasuwa ya ƙetare da shi Dahome, aka zaunar da shi gaban na'ura ya zuba waƙoƙinsa kaf, har da ita. Gogan naka ya ma manta.

Faifai ya fito, kai, sai ka ce wutar daji. Masu shayi, 'yan kwalekwale, gidajen biki, kowa da garmahonsa, akwatin nan da ake murɗawa faifai ya juya. Riskuwa ya yi sabuwar riga, mata na leƙensa ta katanga. Usuman kuwa ko 'ya'yansa ba sa iya zuwa rijiya. Usuman ya fasa garmaho a garin Matsinkai, ya fasa kan mai shi, washegari ya ji waƙar a wata rumfa.

Ranar kasuwa, rana tsaka, shi da ƙannensa suka tare Riskuwa a layin mahauta.

"Malam Usuman, wallahi ban sake yin ta ba!"

"To muryar wa nika ji?" in ji Usuman.

"Tawa ce, amma faifai..."

"Hana shi."

"Ba ni iyawa."

Suka kayar da shi, suka take masa wuya, suka shimfiɗa hannun hagun kan kututturen sara nama. Da ƙeyar gatari Usuman ya bi yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, ƙashi na ƙara, jini na tsartuwa kan tsire. Kasuwa cike maƙil da masu rera waƙarsa, ba wanda ya kawo masa ɗauki. Tir da mutane, wallahi!

Usuman ya sha ɗauri. Faifai kuma ya ƙara kasuwa, har daga Kamba ake aikowa.

Riskuwa ya koma Geza, hannu a shanye, matarsa Iyatu na sayar da fura suna ci. Wata rana a wani biki garmaho ya tsaya tsakiyar waƙar Riskuwa. Wani baƙo da bai san shi ba ya ce, "Baba, kai ka fi kusa, ɗan murɗa muna shi."

Ya murɗa da dama, akwatin na zamewa, ya rasa hannun da zai danne shi.